Yadda ake tayar da motar da ta daɗe a ajiye ba tare da an lalata injin ba

In motarka ta shekara a fake, ko ka tafi gida ka bar ta a Agege damina ta wuce a kanta, don Allah kar ka zo ka zura makulli kawai ka murɗa. Baƙin man duk ya gangara ƙasa, saman injin a bushe yake, ƙarfe ne zai ci ƙarfe.

Fara da buɗe bonet ka leƙa. Ɓerayen Legas ba sa wasa, ni tawa sheƙa suka yi cikin akwatin filtar iska har da ledar biredi da ɓawon gyaɗa, suka gwaguye wayoyi biyu. Leƙa bakin salansa ma.

Sai ka zaro gejin baƙin mai. In ka ga man ya koma kalar shayi da madara to ruwa ya shiga, kuma a garin nan da ambaliya ke kai wa ƙofar mota ba abin mamaki ba ne. Ko da kyau yake a ido, juye shi ka sa sabo da sabuwar filta. Tsohon fetur ma a zuƙe shi, in ka shinshina za ka ji yana wari kamar fenti, shi ke toshe nozul. Duba ruwan lagireto da fanbel ko ya tsattsage. Batir kuma a auna, cikakke yana nuna wajen 12.6, in ya yi ƙasa da 12 kai shi caji, in ya ƙi riƙewa sai kasuwar kayan mota ta Ladipo.

Ga wurin da mutane ke tsallakewa. Kwance filogi duka, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, kamar ƙaramin cokali, ka bar shi ya jiƙa, ko ya kwana ma ya fi. Sannan ka sa sifana a babban notin fulin ƙasa ka juya injin da hannu a hankali, zagaye biyu ko uku. In ya cije, tsaya nan, kira makanike, kar ka ce za ka gwada masa ƙarfi. In ya juya sumul, cire fiyus ɗin famfon fetur, ka murɗa makulli na daƙiƙa goma, ka huta, ka sake, har fitilar baƙin mai ta mutu a dashbod.

Yanzu mayar da filogi da fiyus, kunna makulli sau uku ba tare da ka tayar ba don fetur ya hau, sai ka tayar. Bar ta a silo, ban da taka totur irin na 'yan danfo. Hayaƙi zai ɗan fito, man da ka ɗiga ne ke ƙonewa. Idonka na kan gejin zafi har fanka ta kama, kana leƙa ƙasa ko akwai yoyo.

Kafin ka hau titi gwada birki a cikin layi, don tsatsa na kama shi, kar sai ka shiga goslo na Oshodi ka gano.