Yadda Ake Gina Kogon Uwargida Maryamu da Kula da Shi

Duk wanda ya zaga unguwannin Dublin ko ƙauyukan ƙasar Ayilan zai riƙa cin karo da siffar Uwargida Maryamu cikin ɗan kogon da aka gina da duwatsu a mararraba, a bakin hanya, ko a tsakiyar rukunin gidajen ma'aikata. Da yawa daga cikinsu an gina su ne a 1954, shekarar da Fafaroma Pius na 12 ya keɓe wa Maryamu, kuma galibi mazauna unguwa ne suka yi karo-karo, suka yi aikin da hannunsu. Mu Katolikan Jos wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin bishop ɗinmu na farko, John Reddington, mutumin Ayilan ne.

Kafin a sayi ko da buhun siminti ɗaya, sai a je wurin Fada, wato limamin cocin Katolika, a nemi izini, sannan a tsayar da wuri. A Ayilan a da ana gina irin wannan kogo a bakin titi ba tare da wata damuwa ba, amma a Jos, inda Kirista da Musulmi suke zaune katanga ɗaya kuma garin ya ɗanɗana rikici, ya fi dacewa a gina shi cikin harabar coci ko a filin da takardunsa suke hannu. A gaisa da mai unguwa da maƙwabta, a bayyana musu cewa wurin addu'a ne, kuma Katolika girmama Maryamu suke yi, bauta kuwa ta Allah ce shi kaɗai.

Dutse dai Allah ya hore mana shi a Filato. A zaɓi manya masu faɗi domin ƙasa, a haƙa harsashi har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare, sannan magini ya ɗora duwatsun yana rage faɗi har su haɗe a sama kamar bakin kogo, irin na Lourdes a Faransa inda wata yarinya mai suna Bernadette ta ga Maryamu a 1858. Ramin da siffar za ta zauna ya zama mai zurfi sosai, domin ruwan damina da ƙanƙarar Jos ba sa raga wa fenti. Na taɓa ganin wata siffa da aka bari a fili, kafin damina biyu shuɗin mayafinta ya koɗe, yatsun hannunta suka fara zubewa. Daɓen gaba kuma a ɗan karkata shi yadda ruwa ba zai kwanta ba, a sa benci biyu saboda tsofaffin da durƙuso yake yi musu wuya, da ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana.

Abin da ya riƙe kogunan Ayilan shekara da shekaru shi ne maƙwabtan da ke share su suna sauya furanni, kuma nan ne muke yawan yin sakaci. Tun kafin ranar da Fada zai sa wa wurin albarka, a rubuta sunayen iyalan da za su riƙa karɓa-karɓa, ko a danƙa aikin ga Zumuntar Mata. A lokacin hunturu a goge ƙura da tsumma mai laushi kowane mako, a kwashe narkakken kyandir, a kuma sabunta fenti kafin Mayu ko Oktoba, watannin da jama'a suke taruwa yin Rosari, wato addu'ar carbi, da yamma.