Babi na 9: Idan Mataimakiya Ta Kasa Cim Ma Uwar Garke

Duk ma'aikatar da ke ajiye bayananta a rumbun kwamfuta, in ta san ciwon kanta, ba ta dogara da na'ura guda ɗaya. Akwai babbar, wadda ake kira uwar garke. A kanta ake rubuta sabon abu, ake gyara tsoho, ake sharewa. Akwai kuma ta biyu da ke zaman ko-ta-kwana, wadda za mu riƙa kira mataimakiya a wannan babi. Aikinta shi ne ta maimaita duk abin da uwar garke ta yi, bi da bi, domin ranar da uwar ta faɗi ta karɓi aiki nan take.

Wani lokaci mataimakiya takan yi nauyin ƙafa. Uwar garke ta yi nisa, ita kuwa tana can tana kan aikin minti goma da suka wuce. Wannan gibi da ke tsakaninsu shi ne tazara. In uwar garke ta mutu alhali akwai tazarar minti goma, to aikin minti goma yana iya salwanta. Ko ba ta mutu ba, mutumin da ya canza lambar sirrinsa a kan uwa, aka tura shi ya shiga ta kan mataimakiya, sai a ce masa ba daidai ba ne.

Yadda kwafin ke tafiya

Uwar garke ba ta aika bayananta dukan su. Kundi take riƙe da shi, inda take jera kowane canji yadda ya faru. A PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai biyu da za mu duba, sunan kundin WAL, kuma ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa megabait 16 in ba a canza tsarin ba. A MySQL, wato ɗaya manhajar, sunansa binlog. Kundin ne yake tafiya ta waya zuwa ga mataimakiya.

A can kuma ma'aikata biyu ne ke jira. Na farko mai karɓa ne: ya karɓi abin da ya zo, ya ajiye a faifai. Na biyu mai aiwatarwa ne: ya karanta abin da aka ajiye, ya yi shi a cikin rumbun. Ka riƙe wannan da kyau, domin dukan babin nan a kansa ya tsaya. Tazara ko dai a hanya take, kafin saƙo ya iso, ko kuma a hannun mai aiwatarwa, bayan ya iso. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Yawancin masu ɓata dare suna murɗe-murɗen saiti, tambayar nan ce ba su amsa ba tukuna.

Auna kafin ka taɓa komai

A PostgreSQL, ka shiga uwar garke ka duba jadawalin pg_stat_replication. Za ka ga lambobi huɗu da ke nuna matsayi a cikin kundin: sent_lsn shi ne inda aka kai wajen aikawa, write_lsn da flush_lsn suna nuna abin da mataimakiya ta rubuta ta kuma tabbatar a faifai, replay_lsn kuma inda mai aiwatarwa ya kai. Ka nemo matsayin uwar garke na yanzu da pg_current_wal_lsn, sannan ka yi amfani da pg_wal_lsn_diff ka ɗebe wani daga wani, amsar za ta fito da bait. In gibin yana tsakanin matsayin uwa da flush_lsn, matsalar ta hanya ce ko ta faifan mataimakiya. In flush_lsn yana dab da uwa amma replay_lsn ya yi nisa a baya, saƙo ya iso, aiwatarwa ce ta gaza. Tun daga fitowa ta 10, a shekarar 2017, jadawalin yana nuna wannan da lokaci ma, a gurabun write_lag, flush_lag da replay_lag.

A MySQL, kan mataimakiya za ka rubuta SHOW REPLICA STATUS. Fara duba Replica_IO_Running da Replica_SQL_Running, dole dukan su biyu su nuna suna aiki. Sannan ka gwada Read_Source_Log_Pos da Exec_Source_Log_Pos, tare da sunayen fayilolin kundin da suke ciki. Na farko na mai karɓa ne, na biyu na mai aiwatarwa.

Akwai wata lamba da kowa ke garzayawa gare ta, Seconds_Behind_Source. Tana da amfani, amma takan yaudari mutum. Abin da take aunawa shi ne nisan mai aiwatarwa daga abin da ya riga ya iso hannunsa. In hanya ta toshe, saƙo yana shigowa kaɗan-kaɗan, mai aiwatarwa zai gama da ɗan abin da ya samu ya zauna, lambar ta nuna 0, alhali uwar garke ta tsere da nisa. In kuma ka ga NULL, ba sifiri ba ne, alama ce cewa ɗaya daga ma'aikatan ya tsaya. PostgreSQL ma yana da irin nasa tarkon. Mutane sukan ɗebe pg_last_xact_replay_timestamp daga agogon yanzu, su ga tazarar awa biyu da tsakar dare, hankalinsu ya tashi. Sau da yawa babu abin da aka rubuta ne a uwar garke cikin awa biyun.

Awon da ba ya ruɗi shi ne bugun zuciya. A buɗe ɗan jadawali mai layi ɗaya a uwar garke, a riƙa rubuta lokacin yanzu a ciki duk daƙiƙa, a karanta shi daga mataimakiya a ga bambanci. Manhajar pt-heartbeat ta kamfanin Percona wannan aikin take yi wa MySQL. Sharaɗi ɗaya ne: agogon na'urorin biyu su kasance a daidaice ta hanyar NTP, tsarin daidaita agogon na'urori, in ba haka ba bambancin agogo za ka riƙa aunawa.

In matsalar a hanya take

Lissafi ne kawai. Bit 8 ne bait ɗaya, saboda haka layin sadarwa na megabit 100 ba ya wuce megabait 12.5 a daƙiƙa, mai gigabit 1 kuma megabait 125. A ce uwar garke tana fitar da kundi megabait 20 a daƙiƙa lokacin da ake loda bayanai masu yawa, layin kuwa na megabit 100 ne. Kowace daƙiƙa megabait 7.5 na taruwa, wato 450 a minti, wajen gigabait 27 a awa guda. Babu saitin rumbu da zai ƙara wa layin ƙarfi. Auna ainihin ƙarfin layin da iperf3, kada ka yarda da abin da ke rubuce a takarda. Duba ko wani abu na cin layin a daidai wannan lokaci, musamman kwashe ajiyar dare. Daga nan ko a faɗaɗa layin, ko a matse kundin kafin aikawa, ko a sauya lokacin manyan ayyuka.

In matsalar a hannun mai aiwatarwa take

Nan ne aka fi samun ta, kuma akwai dalili. Uwar garke tana karɓar rubutu daga ɗaruruwan masu amfani a lokaci guda, kowa da nasa ma'aikacin. Mataimakiya kuwa, a PostgreSQL, ma'aikaci ɗaya tal ke aiwatar da kundin, layi bayan layi. Hannu ɗari ke rubutu, hannu ɗaya ke kwafa. Saboda haka za ka iya ganin na'ura mai ƙwaƙwalwa 16, wato sassan CPU 16, tana nuna ba ta da nauyi, amma ɗaya daga cikin 16 ɗin ta cika maƙil. Kada ka tsaya kan jimilla, ka duba su ɗai-ɗai.

MySQL yana iya raba aikin ga ma'aikata da yawa ta saitin replica_parallel_workers. Daga fitowa ta 8.0.27 yana zuwa da 4. A tsofaffin fitowa 0 ne, wato ma'aikaci ɗaya, kuma har yau akwai na'urori da yawa da aka gada haka ba wanda ya waiwaye su.

Abu na gaba, faifai. An saba sayen na'ura mai kyau a ba uwar garke, a miƙa wa mataimakiya tsohuwa, a ce ai jira kawai take yi. Kuskure ne, domin duk rubutun da uwa ta yi ita ma sai ta yi shi. Umarnin iostat zai nuna maka ko faifan ya kai iyakarsa da tsawon lokacin da kowane rubutu ke jira. In an matsu a cike tazara a MySQL, ana iya mayar da innodb_flush_log_at_trx_commit zuwa 2 a kan mataimakiya na ɗan lokaci, don rage yawan tabbatarwa a faifai. Amma ka rubuta a inda za ka gani cewa sai an mayar da shi 1, domin in wuta ta ɗauke a wannan hali ana iya rasa aikin kamar daƙiƙa guda.

Sai katon aiki guda. A MySQL, aiki ba ya shiga kundi sai ya kammala a uwar garke. In wani ya ba da umarnin share layi miliyan 5 a tashi ɗaya, ya ci minti 20, mataimakiya ba ta san da shi ba sai a ƙarshen minti 20 ɗin. Sannan ita ma ta fara nata, duk abin da ya biyo baya kuma ya yi layi yana jira. Maganin yana hannun mai rubuta umarnin: a riƙa sharewa kashi-kashi, layi 1,000 zuwa 5,000 a kowane zagaye, da ɗan hutu a tsakani, ana duba tazara. In ta fara hawa a dakata.

Wanda ya fi duka ɓoyuwa shi ne jadawalin da ba shi da makullin farko, wato gurbin da ke bambanta kowane layi da ɗan'uwansa. MySQL yakan aika canji layi-layi. Uwar garke ta bi jadawalin sau ɗaya ta gyara layi 50,000. Mataimakiya kuwa an miƙo mata layukan ne ta nemo su da kanta, kuma babu makullin da zai kai ta kai tsaye, sai ta riƙa laluben jadawalin daga sama har ƙasa, ta sake, ta sake. Aikin daƙiƙa 10 sai ya koma na awoyi. Alamarsa ita ce Exec_Source_Log_Pos ya kafe wuri ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya tana ci da wuta, faifai kuwa shiru. A sa wa jadawalin makulli, a kuma kunna sql_require_primary_key don kada a sake ƙirƙirar irinsa.

Masu karatu a kan mataimakiya

Ana yawan tura masu fitar da rahoto su yi karatunsu a kan mataimakiya don a sauƙaƙa wa uwa. A PostgreSQL wannan yakan jawo karo. Wani yana tsakiyar dogon karatu, sai umarni ya iso daga uwa cewa a kawar da tsofaffin layukan da yake dubawa. Dole ɗaya ya haƙura. Saitin max_standby_streaming_delay shi ne alƙali, kuma yana zuwa da daƙiƙa 30: mai aiwatarwa zai jira har wannan iyaka, sannan a katse mai karatu. Masu rahoto sukan yi ƙorafi, sai wani ya mayar da saitin -1, wato a jira har abada. Ran da rahoton awa uku ya tashi, tazara ta zama awa uku. Kunna hot_standby_feedback yana rage karon, domin mataimakiya za ta gaya wa uwa ta dakata da sharar, amma kuɗinsa shi ne jadawalan uwa su kumbura da matattun layuka. Shawararmu a fili take: na'urar da aka ajiye don karɓar aiki ranar haɗari kada a ɗora mata dogayen rahotanni. In ana bukatar rahoto, a kafa mataimakiya ta biyu dominsa.

Za ta cim mata, ko a sake gini?

Auna gudu biyu: yadda uwa ke rubutu da yadda mataimakiya ke aiwatarwa. In tazara megabait 6,000 ce, uwa na rubuta 20 a daƙiƙa, mataimakiya na aiwatar da 30, ribar 10 ce a daƙiƙa, za a gama cikin daƙiƙa 600, minti 10. In kuwa 18 take aiwatarwa, ba za ta taɓa cim mata ba, jira ɓata lokaci ne.

Akwai kuma iyakar jiran kundin kansa. MySQL 8.0 yana share binlog bayan kwana 30 in ba a canza ba. In ya share abin da mataimakiya ba ta karɓa ba, kuskure mai lamba 1236 zai fito, sai dai a sake gina ta daga sabon kwafi. PostgreSQL yana da gurbin riƙo da ke hana uwa share kundin da mataimakiya ba ta karɓa ba. Yana kare mataimakiya, amma in ta mutu aka manta da gurbin, kundin zai yi ta taruwa har faifan uwar garke ya cika ita ma ta tsaya. Tun fitowa ta 13 akwai max_slot_wal_keep_size, a sa masa iyakar da ba za ta cika faifan ba. In an wuce iyakar, pg_basebackup ne hanyar sake gini.

In mai aiwatarwa ya tsaya da kuskure 1062 ko 1032 a MySQL, ma'anarsa ya tarar da layin da bai kamata ya kasance ba, ko ya nemi layi bai samu ba. Bayanan na'urorin biyu sun riga sun saɓa ke nan, galibi don wani ya yi rubutu kai tsaye a kan mataimakiya. Tsallake kuskuren zai sa tazara ta koma 0, amma saɓanin yana nan. A kunna super_read_only a kan mataimakiya, a gwada jadawalan biyu da pt-table-checksum, a gyara ko a sake gini.

Aikin gwaji

1. Seconds_Behind_Source ya nuna 0, amma bugun zuciya ya nuna tazarar minti 8. Wane ma'aikaci za ka fara bincika, kuma da wane umarni za ka auna layin?

2. Tazara megabait 9,000 ce. Uwar garke na rubuta megabait 25 a daƙiƙa, mataimakiya na aiwatar da 40. Minti nawa za a jira?