Yadda Za Ka Kai Maganarka Inda Ya Dace A Aikin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, ta yadda kowa zai iya karanta shi, ya gyara, ya kuma rarraba bisa sharuɗɗan lasisinta. Linux da Firefox da LibreOffice da harshen rubuta manhaja na Python duk irinta ne. Mutanen da ke gina su galibi ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, wani yana Jamus, wani yana Indiya, wani yana Brazil, kuma da yawa daga cikinsu aikin sa-kai suke yi bayan sun tashi daga wurin neman abinci. Abin da ke riƙe da irin wannan aiki shi ne rubutu, wato inda aka ajiye shi, da yadda aka tsara shi, da kuma ko wanda zai zo bayan shekara biyar zai iya gano shi. Duk wanda ke son a dama da shi, ko mai rubuta manhaja ne ko mai amfani da ita da ya ci karo da tangarɗa, sai ya fara sanin wace magana ce ake kai wa wane wuri.

Kafin ka ce uffan, ka shiga rumbun aikin ka karanta. Rumbu shi ne inda ake ajiye rubutun manhajar tare da tarihin duk wani canji da aka taɓa yi masa, kuma yawancin ayyuka a yau da Git suke riƙe wannan tarihi, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a shekarar 2005 domin aikin Linux. Rumbun kan kasance a shafukan ajiye rumbuna irin su GitHub, ko GitLab, ko Codeberg, ko a kan na'urar aikin kansa. A bakin rumbun za ka tarar da wasu fayiloli masu sunaye da manyan baƙaƙe. README yana bayyana abin da manhajar ke yi da yadda ake girka ta. CONTRIBUTING shi ne ya fi muhimmanci ga sabon shiga, domin a ciki ake faɗin inda ake kai rahoton matsala, da inda ake hira, da tsarin da ake so gyara ya bi. SECURITY yana faɗin hanyar kai rahoton ɓarakar tsaro. LICENSE kuma shi ne lasisi, kuma kada ka tsallake shi: lasisin MIT yana barin ka yi kusan duk abin da kake so muddin ka bar sanarwar haƙƙin mallaka yadda take, shi kuwa GPL yana wajabta maka sakin rubutun gyaranka a ƙarƙashin sharuɗɗa iri ɗaya idan ka rarraba manhajar. Rumbun da ba shi da lasisi ko kaɗan, ganinsa a fili bai ba ka izinin ɗauka ka saka a naka aikin ba.

Idan tsadar data na damunka, ba dole ba ne ka sauke tarihin rumbun gaba ɗaya. Umarnin git clone --depth 1 yana kawo maka siga ta ƙarshe kawai, kuma ta isa wanda ke son ya karanta ko ya gwada.

Hanyoyin sadarwa a waɗannan ayyuka suna da yawa, amma ma'auni ɗaya ya isa ka zaɓa a cikinsu, wato tsawon lokacin da maganarka take buƙatar ta rayu. Tambayar da amfaninta zai ƙare yau, ɗakin hira ya dace da ita. Matsalar da sai an bi ta har a warware ta, rajistar matsaloli ce wurinta. Shawarar da za ta sauya alƙiblar aikin kuwa, tana da nata tsari na rubutacciyar takarda. A ganina mafi yawan ɓacin ran da sababbin shiga ke fuskanta daga rikita waɗannan wurare uku yake tasowa, domin wanda ya zuba muhimmin rahoto a ɗakin hira ya tafi, kamar wanda ya ba da bashi ne a tsakiyar kasuwa babu shaida babu rubutu.

Rajistar matsaloli ita ce zuciyar aikin. A GitHub da GitLab ita ce sashen da aka rubuta wa Issues, Mozilla mai yin Firefox tana amfani da Bugzilla, Debian kuma, wadda ɗaya ce daga cikin nau'o'in Linux, tana da nata tsarin da ke aiki ta imel, har da wata 'yar manhaja mai suna reportbug da ke tattara bayanan na'urarka ta haɗa su da rahoton. Kowace matsala tana samun lamba, kuma lambar ce ake ambata a hira da cikin bayanin gyara har ranar da za a rufe ta. Darajar wannan tarihi ta kai ga lokacin da Python ta mayar da rajistarta zuwa GitHub a shekarar 2022, sai da aka kwaso tsofaffin rahotannin aka tafi da su.

Kafin ka buɗe sabon rahoto, ka bincika ko wani ya riga ka, kuma ka haɗa da rahotannin da aka rufe a cikin binciken, domin sau da yawa an riga an gyara abin a sigar da ba ta iso gare ka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwafi ainihin saƙon kuskuren da manhajar ta nuna maka ka nema da shi. Idan ka samu rahoton da ya yi daidai da naka, kada ka buɗe wani. Ka ƙara bayani a ƙarƙashinsa in kana da sabon abu, misali cewa matsalar tana faruwa a wata na'ura dabam, in kuma ba ka da shi, ka danna alamar goyon baya ka wuce, saboda duk saƙon da ka rubuta yana iya zuwa akwatin imel na duk masu bin rahoton.

Idan babu wanda ya riga ka, to ka rubuta rahoton da zai ba wanda bai taɓa ganinka ba damar maimaita matsalar a kan tasa kwamfutar. Mu ɗauki misalin da ya shafe mu. A ce wata manhajar ajiye bayanai ba ta gano kalmar "ƙasa" idan an neme ta da babban baƙi, wato "Ƙasa". Rahoton da ya ce "Hausa ba ta aiki a manhajarku" ba zai kai ko'ina ba, domin mai kula da aikin bai san Hausa ba, kuma babu waɗannan baƙaƙe a allon rubutunsa. Abin da zai yi masa amfani shi ne kan magana da ke cewa bincike ba ya daidaita babban baƙi da ƙaraminsa a harafin ƙ, sannan sigar manhajar da lambarta, da tsarin da kwamfutarka ke aiki da shi, da matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, da abin da ka yi tsammanin gani, da abin da ka gani a zahiri. Ka saka kalmomin biyu a rubuce domin ya kwafa ya gwada, ka kuma ba shi lambobin baƙaƙen biyu na Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, wato U+0199 na ƙaramin da U+0198 na babban, tare da nuna cewa ɓ da ɗ da ƴ ma suna da manyansu. Da wannan, mutumin da bai taɓa jin Hausa ba zai iya gano inda kuskuren yake cikin mintuna. Saƙon kuskure kuma a rubuce ake kwafo shi. Hoton allo da aka ɗauka da waya ba a iya bincike a cikinsa, kuma makaho mai amfani da manhajar karanta allo ba zai san abin da ke ciki ba. Matsala ɗaya ake sa wa a rahoto ɗaya, ko da uku ka gano a rana guda.

Yawancin manyan ayyuka da Turanci ake rubutu a cikinsu. Kada raunin Turanci ya hana ka kai rahoto, domin da yawa daga cikin masu karanta shi ma ba harshen iyayensu ba ne. Gajerun jimloli da sahihan bayanai sun fi ƙawata lafazi amfani a wurinsu.

Ɗakin hira na tambayar gaggawa ne da sabo da jama'a. Mafi tsufa a cikinsu shi ne IRC, wanda Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro a Finland a 1988, kuma har yau ana amfani da shi: Debian tana kan cibiyar IRC ta OFTC, ayyuka masu yawa kuma sun koma cibiyar Libera Chat a 2021 bayan rikicin shugabanci da ya auku a Freenode. Mozilla ta rufe nata IRC a 2020 ta koma Matrix, masu gina harshen Rust suna amfani da Zulip, wasu kuma Discord ko Slack. IRC ba ya cin data, amma a tsarinsa na asali ba ya ajiye maka saƙon da aka aiko lokacin da ba ka kan layi, don haka idan wuta ko sabis ya ɗauke bayan ka yi tambaya, amsar za ta iya wuce ka. Matrix da Zulip suna ajiye tarihin hira. Slack na kyauta kuwa saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nunawa. A kowane ɗaki, ka yi sallama ka kawo tambayarka cikakkiya a saƙo guda, maimakon ka tsaya neman izinin tambaya ko jiran a amsa gaisuwa, domin wanda zai amsa maka wataƙila yana barci a lokacin, kuma idan ya farka ya tarar da cikakkiyar tambaya zai amsa ko da ka tafi. Ka yi tambayar a bainar jama'a, kada ka bi mai kula da aikin ta saƙon sirri. Idan hirar ta kai ga wata matsaya, ka koma rajistar ka taƙaita abin da aka cimma a ƙarƙashin lambar matsalar.

Manyan shawarwari ba a yanke su a hira. Python tana da takardun shawara da ake kira PEP tun shekarar 2000, inda mai shawara ke rubuta dalilinsa da tsarin da yake so da kuma hanyoyin da ya duba ya ajiye, sannan, a tsarin yanzu, majalisar mutum biyar da ake zaɓa ta yanke hukunci. A ayyukan gidauniyar Apache ana barin ƙuri'a a buɗe na aƙalla awa 72, domin na kowace nahiya ya samu damar gani ya yi magana. Darasin da ke nan ga sabon shiga shi ne ya tambaya kafin ya ɓata makonni yana rubuta babban sauyi, saboda ana iya ƙin karɓa don dalilin da aka tattauna shekaru kafin zuwansa. Idan an sa lokacin taro ta intanet, galibi da agogon bai-ɗaya na duniya, wato UTC, ake faɗinsa, kuma Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya.

Idan gyara ka kawo, ka yi shi ƙarami, ya taɓa abu guda, ka bayyana dalilinsa, ka ambaci lambar matsalar da yake warwarewa. A GitHub da makamantansa buƙatar haɗe gyara (pull request) ake buɗewa, na'urorin gwaji na aikin su duba ta kai tsaye, kuma wajibinka ne ka karanta sakamakonsu ka gyara abin da ya faɗi kafin ka nemi mutum ya duba. Linux ta bambanta, domin faci, wato rubutun sauyin da ka yi, ake aikawa ta imel, a tsurar rubutu ba tare da ado ba, ga mutanen da fayil ɗin MAINTAINERS ya nuna su ne ke kula da sashen, tare da layin Signed-off-by da ke tabbatar da cewa kana da haƙƙin ba da abin da ka aiko. Ƙa'idarsu ta ce a jira aƙalla mako guda kafin a yi tuni, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a ko'ina.

Batun tuni yana da nauyin da ya wuce ladabi. A watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa a manhajar matse fayiloli mai suna xz, siga ta 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura shiga na'urarsa ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wanda ya dasa ta ya shafe fiye da shekara biyu yana ba da gudummawa har aka amince da shi, kuma a tsakanin haka wasu asusu sun riƙa matsa wa mai kula da aikin, wanda kusan shi kaɗai ne, suna ƙorafin jinkiri suna neman ya ba wani dama. Mai kula da aiki da ya gaji haɗari ne ga duk mai amfani da manhajar, don haka kada ka zama cikin masu ƙara masa nauyi. Haka nan idan kai ne ka gano ɓarakar tsaro, kada ka rubuta ta a rajistar da kowa ke gani. Ka bi hanyar sirri da fayil ɗin SECURITY ya tanada, ka ba su lokaci su toshe ta kafin a sanar.

Kayan aikin da jama'a ke tarayya a kansu ba su tsaya ga rubutun manhaja ba. Akwai littafin jagora da kullum ke buƙatar gyara, akwai tsofaffin rahotanni da ke jiran wanda zai gwada ya tabbatar ko matsalar tana nan, akwai kuma fassara, wadda a nan ne mai jin Hausa yake da abin da sauran ba su da shi. LibreOffice tana fassara ta Weblate, Mozilla ta Pontoon, MediaWiki da Wikipedia ke aiki a kai kuma ta translatewiki.net. Shirin Common Voice da Mozilla ta soma a 2017 yana tattara muryoyin masu sa-kai, kuma Hausa na cikin harsunansa. Kafin ka fassara komai, ka duba kalmomin da waɗanda suka riga ka suka zaɓa, domin mai amfani zai rikice idan maɓalli ɗaya ya zama "Adana" a wani shafi ya koma "Ajiye" a na gaba. Idan kana ganin zaɓinsu bai dace ba, ka rubuta dalilinka a wurin tattaunawar masu fassarar harshen, ku daidaita, sannan a sauya kalmar a ko'ina lokaci guda, a kuma shigar da ita cikin jerin kalmomin aikin.