Yadda za ka kare tsohon da ke gidanku daga zafin bazara a Yamai

A Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, siminti da kwalta da rufin kwano kuma su riƙe shi har tsakar dare. Tsofaffi ne suka fi shan wuya: guminsu ya ragu, ba su cika jin ƙishirwa ba, zuciya kuma tana ta faman tura jini zuwa fata. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi da tsananin zafi, asibitin Gabriel Touré na Bamako a Mali ya ƙirga mamata 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara 60.

Fara da ruwa, kuma kada ka jira a nema. Kakata, Allah ya jiƙanta, kullum cewa take, "Ban jin ƙishi, ɗan nan," alhali leɓenta ya bushe. Sai muka haɗa mata shan ruwa da lokutan salla: duk alwala, moɗa guda daga randa. Ka durƙusa ka ce, "Inna, ga ruwa, ki ɗan kurɓa," kuma ka tsaya har ta sha. Kunu da fura mai ruwa-ruwa suna taimakawa. In fitsari ya ragu ko ya yi ja, ruwa bai isa ba.

Daga nan sai wurin zama. Daga hantsi zuwa la'asar a fitar da tsoho daga ɗakin kwano zuwa rumfa ko gindin itace. Idan ɗaki ya kai digiri 40, fanka iska mai zafi kawai take kaɗawa, don haka a jiƙa zane a yafa masa, a yi fifita. Wannan ko an ɗauke wuta yana aiki. Da dare a yayyafa ruwa a tsakar gida, ya kwana waje cikin gidan sauro.

Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, a tuntuɓi likita tun kafin zafi ya kankama. In azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, a tuna masa cikin ladabi cewa addini ya yi wa tsoho mai rauni sauƙi.

In ka ga Baba ya rikice, yana sambatu, jiki zafi rau, kada a tsaya cewa zazzaɓi ne. A kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafi, a kwarara masa ruwa, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, a garzaya asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa a baki.