Yadda ake shirya shirin rediyo kan kisan Emmett Till ba tare da maimaita labarin makasansa ba

Da yawa daga abin da ke yawo a intanet game da daren da aka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan Amurka, daga bakin makasansa Turawa ya fito. Wanda ya kwafo shafin farko da ya gani ya juya shi zuwa Hausa, ya karanta wa masu sauraro a Tawa ko Yamai, zai iya zama kakakin J.W. Milam, ɗaya daga cikin makasan, bai sani ba. Minti 30 sun isa a ba da wannan tarihi, muddin an tsara su, an kuma san inda ramukan suke.

Kafin ku rubuta komai, ku ɗauki farar takarda ɗaya ku jera ranakun 1955. Laraba 24 ga Agusta, Emmett, ɗan shekara 14 da ya zo hutu daga Shikago, ya shiga kantin Bryant a ƙauyen Money cikin jihar Misisifi. Daren Asabar wayewar Lahadi 28 ga wata, Roy Bryant da ɗan'uwansa Milam, waɗanda uwa ɗaya ta haifa, suka ɗauke shi daga gidan Mose Wright. Ranar 31 aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie. Shari'a ta gudana a garin Sumner daga 19 zuwa 23 ga Satumba, aka wanke su biyun. Wannan takarda ta zauna gaban mai gabatarwa har shiri ya ƙare, domin ranakun nan ne aka fi cakuɗawa. Money sunan gari ne, "Mani" ake furtawa, kada wani ya fassara shi. Mose Wright kawun mahaifiyar yaron ne, wato a lissafinmu kaka, kuma haka ya kamata ku kira shi.

Sai ku daidaita kan kalma. Abin da Faransanci ke kira lynchage, mun saba juya shi da "ɗaukar doka a hannu". A kunnen Bahaushe wannan magana tana kawo hoton ɓarawon da aka kama a kasuwa aka rufe da duka, wato akwai laifi, hukuncin ne kawai ya wuce gona da iri. Idan kuka yi amfani da ita a nan, kun riga kun ɗora wa yaron laifi tun a jimlar farko. Ku ce "kisan gillar wariyar launin fata", ku ba da minti 3 kuna bayyana aikinsa: a kudancin Amurka, bayan an soke bauta a 1865, irin wannan kisa shi ne bulalar da ake tsorata baƙaƙe da ita don kada su yi zaɓe, kada su yi gardamar kuɗin amfanin gona, kada su ɗaga ido su kalli Bature. Ƙungiyar Equal Justice Initiative ta ƙidaya fiye da 4,400 tsakanin 1877 da 1950. Adadi ɗayan nan ya wadatar, ƙari zai sa mai sauraro ya daina ƙirga.

Batun kanti ku ba shi minti 3, kada ya wuce. Nan ne masu shiri ke faɗawa rami, saboda nan labarin ya fi daɗin ba da wa. Abin da ƴan'uwansa da ke wurin suka tabbatar, Simeon Wright da Wheeler Parker, shi ne Emmett ya yi wa matar mai kantin, Carolyn Bryant, ƴar shekara 21, fito a waje. Maganar cewa ya riƙe mata hannu ya kama ƙugunta, ita ta faɗe ta a kotu, kuma alƙali Curtis Swango bai bari masu yanke hukunci su saurare ta ba. Ku faɗi wanda ya faɗi me, ku wuce. Tsayawa ana tattauna ko ya yi fito ko bai yi ba yana koya wa mai sauraro cewa amsar tana da nauyi a kan hukuncin, alhali ba ta da shi.

Daren kisan ya samu minti 5. Ga inda ake rarrabe shirin da aka yi bincike da wanda aka kwafo. A watan Janairun 1956 mujallar Look ta buga hirar da ɗan jarida William Bradford Huie ya yi da Bryant da Milam, bayan an biya su dubban daloli. Sun amsa cewa su suka kashe shi, tunda dokar Amurka ba ta yarda a sake gurfanar da mutum kan laifin da aka wanke shi a kai. Amma labarin da suka bayar gyararre ne. A cikinsa su biyu ne kaɗai, wai tsorata shi kawai suka yi niyya, wai yaron ne ya yi ta yi musu tsaurin ido har ransu ya ɓaci. Sun kuma kawar da wurin da abin ya faru. Dalili a fili yake: duk wanda aka ambata bayan su biyun ba a taɓa yi masa shari'a ba, ana iya kama shi. Shaidar Willie Reed, matashi ɗan shekara 18, ita ke nuna inda aka yi ta'asar: wata mangazar gona kusa da garin Drew a gundumar Sunflower, inda ya ga mota ɗauke da mutane fiye da biyu, ya ji duka da kururuwa, ya kuma ga Milam ya fito shan ruwa da bindiga a ƙugu. Alamar gane majiyar da ta sha daga rijiyar Look mai sauƙi ce. In kun ga an sa dogayen kalaman taurin kai a bakin Emmett, kuma babu sunan Drew ko Willie Reed, ku ajiye ta.

Game da gawar, jimla uku sun isa: an yi masa dukan da ya canja kamanninsa, an harbe shi a ka, an ɗaura masa fankar injin gurzar auduga mai nauyin fiye da kilo 30 a wuya da waya mai ƙaya aka jefa a kogi. An gane shi da zoben mahaifinsa mai haruffan L.T.

Mafi tsawon sashe, minti 10, na rufa-rufa ne, kuma ya fi kyau da murya biyu, ɗaya na ba da labari, ɗaya na karanta abin da shaidu suka ce. Ku fara da shugaban ƴan sandan gundumar Tallahatchie, H.C. Strider, wanda ya nemi a binne gawar nan take a Misisifi. Likita bai yi mata binciken musabbabin mutuwa ba. Mahaifiyar Emmett, Mamie, ta dage aka kai ta Shikago, ta sa aka bar akwatin a buɗe a cocin Roberts Temple don jama'a su gani da idonsu, mujallar Jet kuma ta buga hotunan. A kotu Strider ya ba da shaida a ɓangaren waɗanda ake tuhuma, ya ce gawar ta daɗe a ruwa fiye da kwana uku, ba ta yaron ba ce.

Dole ku tsaya ku bayyana su wane ne masu yanke hukunci, don tsarin baƙo ne ga yawancin masu sauraro. Mutanen gari 12 ne ake zaunarwa su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Baƙaƙe su ne mafi rinjaye a gundumar, amma babu ko ɗaya cikinsu a rajistar zaɓe, don haka babu wanda ya cancanci kujerar. Duka 12 ɗin Turawa ne maza. Mose Wright ya miƙe a gabansu ya nuna Milam da yatsa, abin da ya sa shi da Willie Reed suka bar Misisifi bayan shari'ar don tsira da rai. Minti 67 aka yi ana shawara aka sallami mutanen biyu, da hujjar ba a tabbatar gawar ta Emmett ba ce. A watan Nuwamba, a Greenwood, aka ƙi tuhumarsu ko da laifin sace shi, duk da sun amsa wa ƴan sanda tun farko cewa su suka ɗauke shi. Tsakanin zaman biyu aka fallasa wa jaridu cewa rundunar sojan Amurka ta rataye mahaifinsa, Louis Till, a Italiya a 1945. Ku ambaci wannan a matsayin dabarar shafa wa mamaci kashin kaji, kada ku buɗe shi ya zama wani labari.

Abin da ya biyo baya ku ruga da shi cikin minti 4. Ranar 1 ga Disamban 1955 Rosa Parks, wata baƙar fata, ta ƙi tashi daga kujerar bas ta bar wa Bature a Montgomery. A 2004 aka sake buɗe bincike, a 2005 aka tono gawar, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar Emmett ne, shekara 50 bayan shaidar Strider. A 2022 aka gano sammacin kama Carolyn Bryant na 1955 a ɗakin ƙasa na kotun gundumar Leflore, ba a taɓa miƙa mata shi ba, ta rasu a 2023 ba a gurfanar da ita ba. Cikin Maris 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar tarayya mai sunan yaron da ta haramta irin wannan kisa. Allon tunawa da aka kafa a bakin kogin kuwa an yi ta harbinsa har a 2019 aka sa na ƙarfe wanda harsashi ba ya huda.

Tarko ɗaya a nan. Za ku ga an rubuta cewa Carolyn Bryant ta amsa ƙarya ta yi. Masanin tarihi Timothy Tyson ne ya ruwaito haka a 2017, amma kalaman ba sa cikin faifan hirar, ita kuma ta musanta wa masu bincike, aka rufe fayil ɗin a Disamban 2021. Ku ce "an ruwaito", ku faɗi ƙarshen maganar.

Sauran minti 5 na masu kira ne. A jihar Tawa da wuya a rasa wanda zai kawo zancen bauta a gida, kuma yana da gaskiyar kawo shi. Mai gabatarwa ya riƙe abu biyu a kai: Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta yanke wa gwamnati biyan Hadijatou Mani diyyar sefa miliyan 10 saboda gaza kare ta daga bauta. Ya faɗi wannan, ya yi alkawarin shiri na daban tare da ƴan ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, kada ya bari a ambaci sunan wani gida ko wata zuriya a iska.

Hoton gawar kada ku saka shi a sanarwar shirin a WhatsApp ko Facebook, inda zai buɗe a hannun yaro ba gargaɗi. Ku yi amfani da hotonsa yana raye, sanye da hula da taye. In darasi ne a aji, malami ya faɗi abin da ke cikin ɗayan hoton tukuna, ya bar wanda ya ga zai iya kallo ya zo tebur ya duba.