Dusar ƙanƙara ba fara ba ce: kurakuran masu zanen ƙasashen sanyi da fentin akirilik

Na gaji da ganin abu ɗaya. Mai koyo zai samo hoton tsaunukan Norway ko dajin Kanada, ya matso farin fenti, ya shafe rabin kyallen zane da shi, ya ce wai ya zana dusar ƙanƙara. In ka duba, sai ka rantse bango ne aka yi wa farar ƙasa.

Dusar ƙanƙara launin hasken da ya sauka a kanta take ɗauka. Inda rana ta taɓa, akwai ɗan ruwan ƙwai ko ruwan hoda. Inda inuwa take kuwa hasken sararin sama kaɗai ke isa, shi ya sa inuwar ke fitowa shuɗiya, wani lokaci har ta karkata zuwa shunayya. Ga shi a can arewa mai nisa rana ba ta yin sama da hunturu, gefen ƙasa take bi. A Tromso ta Norway ma ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Don haka inuwa dogaye ne, su ke cinye mafi yawan fili. Claude Monet, mai zanen Faransa, ya zana irin wannan shuɗiyar inuwa tun wajen 1869, amma har yau ana cakuɗa baƙi da fari a ce an yi inuwa. Toka ce kawai, kuma tana kashe zane.

Ni dai nakan fara shafe wurin dusar da shuɗin ultramarin da na sirka da fari, da ɗigon jar ƙasar siyena don ya rage kaifi. Fari zalla sai a ƙarshe, a wurare ƙalilan, kan tudu ko bakin reshe. Wasu da launin ruwan lemo suke farawa, ban hana su ba.

Kuskure na biyu shi ya fi ƙona mini rai, domin ba a jin magana. Akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa, yana ƙara duhu idan ya bushe. Danƙon da ke cikinsa fari-fari ne yana jiƙe, in ruwan ya tafi sai ya koma garau, launin ya nutse. Wata ɗaliba ta taɓa haɗa inuwa mai kyan gaske, ta tashi wanke burushi, kafin ta dawo filin ya yi duhu. Maimakon ta tsaya, sai ta yi ta lafta fari a kai har ya zama dunƙule-dunƙule. Haba! Wace gaggawa ake yi? Ka goga launin a gefen takarda, ka ba shi 'yan mintuna ya bushe, sannan ka yanke hukunci. Kuma ka haɗa shi ya ɗan fi haske a kan yadda kake so.

Saurin bushewar nan ne ma ke jawo sararin sama mai layi-layi. Haɗa launukan samanka tun kafin ka taɓa kyalle, ka ɗauki burushi mai faɗi, ka riƙa fesa ruwa kaɗan-kaɗan. Nakan shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, in ɗora takardar gasa burodi a kai, fenti ya daɗe bai bushe ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka zana bishiyoyin fayin, masu ganye kamar allura, da baƙi daga kwalba, ultramarin da siyena da ɗan kore sun fi rai. Tsauni mai nisa ya zama dishi-dishi, ya karkata zuwa shuɗi, ba a ƙirga masa duwatsu. Shuɗin ftalo yana da ƙarfin tsiya, bakin burushi ya isa.

Wanda kuma yake can ƙasashen sanyi yana son fita waje ya zana, ya sani cewa akirilik ba ya kamawa da kyau idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, yakan tsattsage. Ya yi zanen fensir a waje, fentin ya bari sai ya shiga ɗaki.