Kafin ka tura maganar Elon Musk a gurup ɗin zango

'Yan uwana na Nima da Mamobi, don Allah mu yi magana kan sikirinshot ɗin Elon Musk da ake ta watsawa a WhatsApp, sai ka ji mutum a bes ana shan ataya yana cewa ai mai kuɗin duniya ne ya faɗa, wai shikenan magana ta ƙare. Wallahi ba ta ƙare ba.

Fara sanin waye mai maganar tukuna. Shi ya sayi Twitter a 2022 kan dala biliyan 44 ya mai da ita X, kuma a lokacin ofishinsu na Afirka nan Accra yake, yana karɓa aka sallami kusan duka ma'aikatan. A zaɓen Amurka na 2024 ya kashe sama da dala miliyan 250 don Trump ya ci, daga baya ya fito fili yana goyon bayan jam'iyyar AfD ta Jamus. Filin nasa ne kuma yana cikin masu buga ƙwallon, don haka ka saurare shi yadda kake sauraron ɗan NDC ko NPP lokacin kamfen.

Sikirinshot ba hujja ba ne, yaro da waya zai haɗa shi. Buɗe X ka nemo fostin ɗin a shafinsa, ka leƙa ƙasa ko an liƙa masa Community Notes, wato gyaran da masu amfani da X ke rubutawa, don masu turawa suna yanke wajen. Shuɗin tik na gefen suna kuwa yanzu da kuɗi ake saye.

Ko da shi ɗin ne ya rubuta, aiki bai ƙare ba, nan ne ma abin ya fi damuna. A watan Agustan 2024 ya yaɗa kanun labari da sunan jaridar Telegraph, wai gwamnatin Ingila tana tunanin kai masu tarzoma sansani a tsibirin Falkland, jaridar ba ta taɓa buga shi ba, ya goge amma mutane sun riga sun ɗauke. To kwafi kanun ka sa a Google tare da sunan jaridar, in babu shi a shafinta ka bar shi nan. Hoto kuma ka sa a Google Lens ka ga ranar da ya fara fitowa. Bidiyo ma haka, a Yulin shekarar ya tura na Kamala Harris, wadda ta kara da Trump a zaɓen, da aka ƙirƙiri muryarta da kwamfuta. Bidiyon kuma da ka ga Musk yana cewa ka turo kuɗi ta MoMo a ninka maka, 'yan damfara ne suka haɗa, kada ka tura ko sidi ɗaya.

In labarin na Ghana ne, duba shafukan tantance labari, GhanaFact ko Dubawa, sakamakon zaɓe kuma daga hukumar zaɓe (EC) kawai.

In babba ne ya turo ƙaryar kada ka kunyata shi cikin gurup, bi shi ta gefe ka gaishe shi, ka ce Alhaji a yi haƙuri na duba wannan ba haka yake ba, ka tura masa inda ka gani ka roƙe shi ya goge da kansa.